Zobba Huɗu: Sinadaran Sitiroyid da Magadansu a Jiki, da Yadda Batun Ya Shafi Wudil

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ginin sinadaran sitiroyid, da hanyar da jiki ke bi ya ƙera homon ɗin jinsi daga cikinsu, da yadda yake sarrafa su kafin ya fitar da su ta fitsari da bayan gida. Hujjar da ake son kafawa guda ce. A wannan dangi na sinadarai, ɗan bambanci a kan zarra ɗaya tak shi ke yanke irin aikin da sinadari zai yi da tsawon zamansa a jiki. Da wannan ma'auni za a duba abubuwa uku da suka shafi Wudil da kewaye: ƙwayar ƙiba da man bilicin, hulbar da mata ke sha, da abin da ke gangarawa kogi daga mutane da dabbobi.

An zaɓi Wudil ne saboda ta haɗa abubuwan da nazarin ke buƙata. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kasuwar shanunsa da ke ci ranar Juma'a tana cikin manya a Nijeriya, kogi ya ratsa ta gefensa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda ta koma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a 2022.

Akwai kalmar da ya kamata a daidaita tun farko. Abin da sinadari ke komawa bayan jiki ya sarrafa shi, wasu na iya kiran sa tuka, kamar tukar rake da aka tsotse aka tofar. Maƙalar ba ta ɗauki wannan suna ba, domin daga cikin waɗannan sinadarai akwai wanda ya fi na asalin ƙarfi. An zaɓi a kira shi magaji, jam'i magada, tunda magaji yana iya raya gida, yana iya kashe shi, yana kuma iya ɗaukar sana'ar da uban bai taɓa yi ba.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Ilimin nan daga fitsari ya faro. A 1929 Adolf Butenandt a Jamus da Edward Doisy a Amurka, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka tace estiron daga fitsarin mata masu juna biyu. A shekarar ce Guy Marrian a Landan ya ware firegnandiyol, ya bi shi da estiriyol a 1930. A 1931 Butenandt ya tace dubban litocin fitsarin maza ya samu 'yan miligiram na andirosteron. Masu binciken sun ɗauka homon ɗin namiji ke nan suka kama, ashe magajinsa ne. Sai a 1935 tawagar Ernst Laqueur a Amsterdam ta ware testosteron daga marainan bijimai, aka ga ya fi andirosteron ƙarfi nesa ba kusa ba. A shekarar Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa daban, suka haɗa shi daga kolestarol, aka ba su kyautar Nobel ta 1939.

Ra'ayin da ya rinjayi wancan zamani shi ne magada shara ce kawai, amfaninsu bai wuce a auna su a san yawan homon da jiki ya ƙera ba. Da wannan fahimta Eleanor Venning da John Browne a Montiriyal suka yi amfani da firegnandiyol na fitsari wajen bin sawun firojestaron a ƙarshen shekarun 1930. Ra'ayin ya fara rushewa a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka gano cewa a wasu sassan jiki testosteron sai ya rikiɗe zuwa daihaidiro-testosteron sannan yake aiki. A 1974 Julianne Imperato-McGinley ta bayyana wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika da ba su da inzayim ɗin da ke yin wannan rikiɗa: 'ya'yansu maza ana haifar su da al'aurar da ba ta kammala siffar namiji ba, alhali testosteron ɗinsu bai gaza ba. Maƙalar nan tana bin ra'ayi na biyu, wato cewa magaji ma yana iya yin aiki a jiki.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na kwatance ne. An jera ginin sinadaran kusa da juna, an duba inda suka bambanta, sannan aka danganta kowane bambanci da aikin da aka tabbatar sinadarin yana yi. An bi lambobin zarrar kabon kamar yadda masana suka daidaita a duniya. Alfa na nufin rukunin da ya fuskanci ƙasan shimfiɗar sinadarin, beta kuma wanda ya fuskanci sama.

4.0 Ƙwarangwal ɗin Sitiroyid

Kowane sitiroyid an gina shi a kan zobba huɗu da ke manne da juna, A da B da C da D. Ukun farko kowanne kabon shida gare shi, na huɗun biyar. Da yake maƙwabtan zobba suna tarayya a bango ɗaya, kamar ɗakunan da aka jera a gini guda, jimillar kabon ɗin 17 ce. Kolestarol, wanda shi ne kakan dangin a jikin mutum da dabba, yana da kabon 27: goma sha bakwai na zobba, biyu a tsaye a matsayin kabon na 18 da na 19, sai wutsiya mai kabon takwas da ke rataye a kabon na 17.

Ana rarrabe zuriyar da yawan kabon. Masu 21 su ne firojestaron da kotisol da aldosteron. Masu 19 su ne homon ɗin maza, masu 18 kuma estirojin na mata. Testosteron yana da kabon 19, haidirojin 28, oksijin 2. Estiradayol yana da kabon 18, haidirojin 24, oksijin 2. Tazarar da ke tsakanin sinadarin da ke fito da gemu da wanda ke fito da nono ba ta wuce kabon ɗaya da haidirojin huɗu ba.

Ƙwarangwal ɗin ɗan uwan mai ne, ba ya narkewa a ruwa. Daga wannan hali abubuwa uku suka biyo baya. Sitiroyid yana ratsa bangon ƙwayar halitta ya shiga ciki ya sami makarɓinsa, su tafi tare su kunna ko su kashe wasu umarnin gado. Yana ratsa fata, shi ya sa shafa shi ma shan sa ne ta wata ƙofa. A cikin jini kuma sai an ɗauke shi: furotin biyu ke dakon testosteron, abin da ke yawo a sake kimanin kashi 2 ne cikin ɗari.

5.0 Daga Kolestarol zuwa Homon

Ana wannan aiki a maraina, da gidan ƙwan mace, da mabiyiya a lokacin goyon ciki, da ƙullutun adirinal da ke zaune a kan kowace ƙoda. Matakin farko shi ne datse wutsiya: inzayim mai suna CYP11A1 yana cire kabon shida, a samu firegnenolon mai kabon 21. Daga nan hanya ta rabu. Idan aka mai da rukunin OH na kabon na 3 ya zama kiton, aka matsar da tagwayen ɗauri zuwa zobe A, an samu firojestaron. Idan CYP17A1 ya ƙarasa datse guntun wutsiyar, an shiga gidan masu kabon 19, inda testosteron yake. Baligin namiji yana ƙera kimanin miligiram 5 zuwa 7 nasa a yini.

Mataki na ƙarshe na aromatas ne. Wannan inzayim yana tumɓuke kabon na 19, zobe A ya baje ya zama irin na finol, testosteron ya koma estiradayol. Wato babu estirojin da bai fara zama homon ɗin namiji ba, ko a jikin mace. Aromatas yana nan a cikin kitse, shi ya sa namiji mai teɓa ke samun ƙarin estirojin, shi ya sa kuma matashin da ke allurar testosteron don ya tara ƙwanji kan wayi gari nono ya fito masa.

6.0 Magada

6.1 Sauyin Gini

Hanta ce babbar ma'aikatar wannan aiki. A testosteron da firojestaron, tagwayen ɗaurin da ke tsakanin kabon na 4 da na 5 ake fara warwarewa, kuma haidirojin ɗin da zai sauka a kabon na 5 yana da fuska biyu. Idan ya sauka ta alfa, sinadarin ya zauna a shimfiɗe kamar tabarma. Idan ya sauka ta beta, zobe A ya lanƙwashe ƙasa kamar bakin lauje. Shimfiɗaɗɗen testosteron shi ne daihaidiro-testosteron, wanda ya fi uban kama makarɓi, shi ke da hannu a gemu da sanƙo da kumburin furostat na dattawa. Daga reshen alfa ake samun andirosteron. Daga reshen beta ake samun etiyokolanolon, wanda nauyinsa da yawan zarrarsa daidai suke da na andirosteron, amma ba ya aikin namiji ko kaɗan, sai ma zazzaɓi da yake sa wa idan aka yi allurarsa.

Firojestaron ma haka. Reshen beta yana ƙarewa a firegnandiyol da ke fita a fitsari. Reshen alfa yana ba da alofiregnanolon, wanda ya bar sana'ar mahaifa gaba ɗaya ya koma ƙwaƙwalwa, inda yake kwantar da jijiyoyi. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin maganin ciwon damuwar da ke kama mata bayan haihuwa. Da an tsaya a kan cewa magaji tuka ne, da ba a nemi magani a nan ba.

Estiradayol kuwa yana komawa estiron, daga nan a ɗora masa OH a kabon na 2, ko na 4, ko na 16. Hanyar ta 16 ce ke kaiwa ga estiriyol, wanda ke yawaita ƙwarai a lokacin goyon ciki.

6.2 Goyo da Sauke Goyo

Ƙoda ba ta iya zubar da abin da ba ya narkewa a ruwa. Don haka hanta ke ɗaura wa magaji wani rukuni mai son ruwa, ko gulukuronid ko salfet. Maƙalar ta kira wannan mataki goyo. Goyayyen sinadari ba ya kama makarɓi, yana bin fitsari ko ruwan maɗaciya ya fita. Sai dai goyon zane ne, ana kwance shi. Ƙwayoyin bakteriya na hanji suna da inzayim ɗin da ke sauke gulukuronid, estirojin ya koma jini a karo na biyu. Estiron mai goyon salfet kuma rumbu ne a cikin jini, jiki na ɗiba daga ciki idan ya buƙata.

6.3 Amfanin Wannan Sani a Asibiti da Fili

Testosteron yana da ɗan tagwai, efitestosteron, wanda OH ɗinsa na kabon na 17 ya fuskanci alfa. A fitsarin yawancin mutane kusan kai ɗaya suke. Wanda ya yi allurar testosteron sai ɗaya ya haura ya bar ɗaya. A kan wannan Manfred Donike na Jamus ya gina gwajin 'yan wasa a farkon shekarun 1980, da iyakar 6 bisa 1, wadda aka rage zuwa 4 bisa 1 a 2005.

Masu haɗa magani kuma sun koyi toshe wa hanta hanya. Estiradayol da aka haɗiya, hanta na cinye mafi yawansa tun kafin ya zagaya jiki. A 1938 Hans Inhoffen da Walter Hohlweg suka dasa ɗan rukuni mai kabon biyu a kabon na 17, aka samu etinil-estiradayol da ke cikin ƙwayoyin tazarar haihuwa har yau. Amma hanta na iya ƙara sauri. Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana ninka inzayim ɗin CYP3A4, homon ɗin ƙwayar tazara da na ashanar da ake sa wa a dantse su ƙare da wuri, mace ta ɗauki cikin da ba ta shirya ba. Allurar wata uku ta fi jure wannan. Tambaya ɗaya a ɗakin tazarar haihuwa, ko tana shan maganin tarin fuka, ta isa ta kauce wa matsalar.

7.0 Batun a Wudil da Kewaye

7.1 Sha-ka-fashe da Man Bilicin

Ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe a ƙasar Kano, wadda 'yan mata da amare ke nema don su yi ƙiba, galibi deksametason ce, wani lokaci a haɗa da sifroheftadin mai buɗe ciki, wanda shi ba sitiroyid ba ne. Deksametason kotisol ne da aka yi wa gyara uku: tagwayen ɗauri tsakanin kabon na 1 da na 2, zarrar fulorin a kabon na 9, da rukunin metil a kabon na 16. Gyaran ya sa ya ninka kotisol ƙarfi kimanin sau 25, aikinsa ya kai yini ɗaya da rabi zuwa biyu maimakon 'yan sa'o'i. Miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 20 na kotisol. Ƙwaya biyu masu rabin miligiram sun riga sun zarce abin da jiki ke buƙata a yini.

Maganin kansa mai daraja ne. Gwajin Jami'ar Oxford na 2020 ya nuna ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi, ana kuma yi wa mai shirin haihuwar bakwaini allurarsa don huhun jariri ya nuna. Matsalar tana wurin shan sa wata da watanni ba bisa ƙa'ida ba. Abin da mai sha ke gani a madubi ba lafiyayyar ƙiba ba ce. Kitse ne ya yi ƙaura zuwa fuska da ƙeya da ciki, fuskar ta yi zagaye tana ƙyalli, alhali cinyoyi da damatsa suna motsewa domin maganin yana cin tsoka. Nankarwa mai faɗi ta tsaga ciki da hammata, sukari da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya rasa ƙarfi, al'ada ta rikice.

Mafi haɗari shi ne abin da ba a gani. Ƙwaƙwalwa tana auna kotisol na jini, idan ya isa ta daina aika wa adirinal umarni. Deksametason yana yaudarar wannan ma'auni, ƙullutun ya daina aiki ya shanye. Wadda ta wuce mako uku tana sha, idan ta yanke rana ɗaya, ko zazzaɓi mai tsanani ko tiyata ta same ta, jininta na iya faɗuwa har ta rasa rai. Saboda haka wa'azin a daina kawai bai wadatar ba, har yana iya cutarwa. Abin da ya dace a faɗa shi ne a je asibiti a rage a hankali. Likita kuma ya lura: gwajin kotisol na yau da kullum ba ya ganin deksametason, don haka majinyaciya za ta zo da duk alamun yawan kotisol, sakamakonta ya nuna ƙaranci. Wannan saɓani shi kansa shaida ne.

Man bilicin ɗan gidan ne. Da yawa daga cikin haɗin da ake sayarwa yana ɗauke da kilobetasol ko betametason, na biyun bai bambanta da deksametason ba sai a fuskar da metil na kabon na 16 ya kalla. An yi su ne don a shafa a ɗan wurin da ke ciwo na 'yan kwanaki. Idan aka mulke jiki da su safe da yamma, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, makero da ƙuraje su samu wurin zama, abin da ya ratsa cikin jini kuma ya danne adirinal kamar yadda ƙwaya ke yi. Fatar jariri ta fi ta babba saurin tsotsa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

7.2 Hulba

Hulba tana ɗauke da diyosjenin, sitiroyid na tsiro mai kabon 27, wanda ake samu a wasu nau'o'in doyar daji ma. Da shi Russell Marker ya haɗa firojestaron a farkon shekarun 1940, aka kafa kamfanin Syntex a Meziko a 1944, inda aka haɗa noretisteron na ƙwayar tazarar haihuwa a 1951. Daga wannan tarihi ake zamewa a ce mai shan hulba homon take sha. Hanyar Marker tana buƙatar dafa sinadarin da asetik anhaidiraid a zafin da ya kai kusan digiri 200, sannan a bi shi da asid mai kuromiyam. Jikin mutum ba shi da inzayim ɗin da ke buɗe zobban da ke wutsiyar diyosjenin. Duk wani tasirin da hulba ke da shi a jiki, ba ta hanyar komawa firojestaron ko estirojin take yin sa ba. Idan kuwa wani garin haɗi da aka ce na itatuwa ne zalla ya kumbura fuska cikin mako biyu, abin da ya kamata a nema a cikinsa deksametason ne.

7.3 Kara da Kogi

Abin da ya fita daga jiki bai gama tafiya ba. Bakteriyar kwata da ta ƙasa suna sauke goyo kamar na hanji, estirojin ya farfaɗo a cikin ruwa. Shanu kuma nasu tsarin daban ne: sun fi fitarwa ta kashi, kuma babban magajinsu estiradayol mai fuskar alfa a kabon na 17 ne, wanda ke da rauni, sai dai bakteriya na iya mai da shi estiron. Saniya mai tsohon ciki ta fi kowace dabba a garke fitarwa. Wannan bambanci yana da amfani ga mai bincike, domin nau'in alfa yana nuna sawun dabba, etinil-estiradayol kuma sawun mutum ne kaɗai.

Kifi yana jin abin da bai kai a kira shi ɗigo ba. A 1998 Susan Jobling da abokan aikinta suka nuna kifaye maza masu ƙwai a cikin marainansu a kogunan Ingila, ƙasa da wuraren zubar da ruwan kwata. A wani tafkin gwaji a Kanada, Karen Kidd da tawagarta sun zuba etinil-estiradayol nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita, kuma rahotonsu na 2007 ya nuna wani ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa a tafkin. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

Kogin Wudil yana zuwa ne bayan Kogin Kano da na Challawa sun haɗu, ya wuce Ringim da Haɗeja zuwa dausayin Nguru, masunta da manoman rani suna rayuwa a kansa. Ruwan farko na damina yana wanke abin da ya taru a kara da kwatocin gari tsawon rani. Aikin da ya dace da sassan kimiyyar sinadarai da na halittu a jami'ar garin shi ne ɗibar ruwa da laka a wurare uku, sama da gari, da daidai gada, da ƙasa da gari, sau ɗaya a watan Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya, sau ɗaya bayan ruwan farko, sau ɗaya a Agusta. A tace samfurin, a raba shi biyu, a sauke goyon rabi da inzayim a bar rabi, domin a san nawa ne farfaɗaɗɗe nawa ne goyayye. Awon nanogiram yana buƙatar kiromatogirafi haɗe da na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari. Gwajin kifi ya fi sauƙi: a nemi bitelojenin, furotin ɗin gwaiduwar ƙwai, a jinin mazan tarwaɗa da karfasa da masunta suka kamo, tunda namijin kifi ba ya ƙera shi da yawa sai estirojin ya taɓa shi. Binciken garin haɗi da man shafawa kuwa, farantin kiromatogirafi mai siririn shafi da fitilar ultraviolet sun isa a fara da su, kuma ɗalibin ajin ƙarshe zai iya gudanar da shi cikin zango ɗaya.